Kwalayen Zunubi Uku

Cikin shekarun da na yi a teburin tambaya na laburarenmu da ke Gwale, ban taɓa mantawa da ranar da Malama Hauwa ta shigo ba. Malamar tarihi ce a wata sakandare, tana kuma karatun digiri na biyu. Wata Laraba ce da damina, ta zauna gabana.

Binciken da ta zaɓa shi ne yadda talakawan China suka rayu lokacin da sojojin Japan suka mamaye garuruwansu. Littattafan yaƙi ta same su jibgi, amma duk labarin janar-janar ne da igwa.

"Malam Nasiru, ni abin da mutane suka ci nake nema, da yadda suke zuwa kasuwa," in ji ta. "Malamina ya ce in ban kawo shaida daga bakin mutanen ba zuwa Litinin, in sauya batu. Shekara guda ke nan ina kansa."

Ni kuwa ina da girman kai a aikin nan, ba na son kalmar "babu". Na buga China a kwamfuta, na buga Japan, na buga yaƙin duniya. Littafi biyu suka fito, duka ta karanta su. Na ce ta dawo Juma'a, alhali wallahi ban san abin da zan ba ta ba.

Washegari shugabarmu, Hajiya Binta, ta kira ni ofis.

"Nasiru, kwalayen zunubin nan uku da ke sito, a kai wa Islamiyyar bayanmu. Ba wanda ya taɓa tambayarsu."

Haka muke kiransu. Lokacin da aka mayar da rajistarmu cikin kwamfuta, kamfanin da aka ba kwangilar ya ga an rubuta SIN a jikinsu da manyan baƙaƙe. Da yake a Turanci kalmar tana nufin zunubi, sai suka jefa su rukunin addini. Mu ma muka bi, har muna tsokanar juna cewa kowa ya je ya ɗauki nasa.

A ƙa'idarmu, littafi ba ya barin laburare sai an buga masa hatimin cirewa an soke lambarsa. Na ɗauki hatimi na nufi sito. Ina tsaye ina duba rubutun, sai na gane hannun marigayi Malam Sule ne, wanda na gada a teburin. Kwalin da ke gefe ya rubuta NOMA, na samansa MASAR. Bawan Allahn nan bai taɓa sa Turanci a jikin kwali ba. Kuma tsawon zamana da shi ban ji ya ce China ba, kullum ƙasar Sin yake cewa, yadda ake faɗa a rediyo.

Na yanke igiyar kwalin farko. Littattafan kyautar iyalan wani likita ne na Ƙofar Dawanau da ya yi karatu a ƙasar Sin. A kwali na biyu na tarar da abin nema: labaran tsofaffi da aka ɗauka daga bakinsu aka fassara zuwa Turanci, da tunawar wata malamar makaranta, da ta wani mai shago. Ban san lokacin da na yi kabbara ba, har Hajiya ta leƙo.

"Lafiya, Nasiru?"

"Hajiya, zunubin nan namu ne, ba na kwalayen ba."

Ranar Juma'a na jera wa Malama Hauwa su a tebur. Ta buɗe ɗaya ta karanta shafi biyu, sai ta cire tabarau. Labarin wata mata ne da ba ta isa ta shiga ƙofar garinsu ba sai ta nuna takardar shaida ta kuma rusuna wa sojan da ke gadi.

"Malam, ni a Ƙofar Ruwa aka haife ni," ta ce. "Ka duba a ce sai na rusuna wa baƙo kafin in shiga gidan ubana."

Ranar Litinin da la'asar ta dawo tana dariya tun daga bakin ƙofa. Malaminta ya sa hannu, har ya ce a tambaye ni ko za a bar shi ya zo ya duba sauran. Daɗin da na ji, ko ranar da aka yi min ƙarin girma ban ji irinsa ba.

Ku da kuke sababbi a aikin laburare, kwamfuta abin da aka gaya mata kawai take maimaitawa. Kada ku ce wa mai nema babu sai hannunku ya buɗe kwali, kuma ku san harshen wanda ya riga ku zama a kujerar. Kwalayen suna nan har yau. Ban goge rubutun Malam Sule ba, alƙalami kawai na ɗauka na ƙara ƘASAR a gabansa.