Wadda Ba a Cire wa Kai Ba

Daga rumfarta ta taliya a kasuwar Huazhou, Shulan tana kallon wani tsoho mai wasan inuwar 'yan tsana yana naɗe farin ƙyallen da yake haska inuwar a jikinsa. Dama mutum uku ne suka tsaya masa, ɗayansu ma waya yake latsawa. Bayansa ya ranƙwafa, rigarsa ta koɗe, amma yatsunsa ba sa rawa. Yana ɗaukar 'yan tsanansa na fatar saniya, yana zare kan kowanne yana ajiyewa daban, kamar yadda masu sana'ar suka gada: wai in an bar su da kai, cikin dare sai su tashi.

Ta ƙarshe mace ce, jan fentinta duk ya goge. Ita kam da kanta a jiki yake kwantar da ita cikin akwati. Ko matarsa ce take yi wa wannan 'yar tsana murya a da, kafin ta rasu? Shulan ba ta sani ba.

"Baba, tsufa ya zo! Ka manta kan wannan."

Bai ɗago ba. "Ban manta ba, 'yar nan. Shekara da shekaru haka nake barin ta. Har yau ba ta tashi ta ce min ko sannu ba."