Abduljalil, Mai Bayan Kaset

Kafin rana ta fara gasa Garwa, Malam Abduljalil ya riga ya buɗe shagonsa da ke bakin titi a unguwar Pumpumre. Ya yayyafa ruwa a ƙofa, ya share, ya fito da benci, sannan ya ɗauki tsumma ya bi kaset-kaset ɗin da ke jere har rufi yana gogewa. Babu mai saye, shi ma ya sani. Daga nan ya kunna tsohuwar rikodarsa, ya ƙure murya har maƙwabta su fara tsaki, domin kunnen da ya ciyar da shi shekara da shekaru yanzu ya yi nauyi. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, ya koma gidan ɗansa. Shi ya sa na ce bari in yi maganarsa tun yana raye, don mu mutanen garin nan ba mu iya yabon mutum ba sai mun dawo daga maƙabarta.

Ga yaran yanzu, sai na yi bayani. Sana'arsa ita ce ɗaukar waƙa: ka kawo kaset marar komai, ka faɗi abin da kake so, ya juye maka. Masu irin wannan aiki sun yi yawa a da, amma shi yana da wata doka da babu wanda ya isa ya karya ta. "Gaba naka, baya nawa," haka yake faɗa. Bahaushe ya nemi kalangu, ya je gida ya juya kaset ya tarar da makosa ta mutanen kudu. Bafulatani ya nemi waƙar shanunsa, ya sami matan Shuwa suna tafi a baya. Ɗan kudu kuwa goge ne rabonsa. An zage shi, an yi masa yaji an koma wasu shaguna, amma ɗaukarsa ta fi ta kowa fita tas, dole aka riƙa dawowa ana gunaguni.

Hubert, tsohon direban da ya ƙare ƙuruciyarsa a hanyar Garwa zuwa Kuseri, ya ba ni labari yana dariya. "Madam, hanya doguwa, kaset ɗaya. In gaba ya ƙare dole a juya. Sai ki ga an taso kowa ya ɗaure fuska, ba mai kula wani. Kafin mu kai Marwa, wata Hajiya a baya tana kaɗa kai da waƙar garinmu, ni kuma ina bin goge da baki ban san me ake cewa ba. Tsohon nan ɗan rigima ne, amma ya rage mini faɗan fasinja."

Ba zan ce zamanin nan aljanna ba ne, mun yi gulma da ƙyashi kamar kowa. Amma a bikin unguwarmu babu kiɗan da za a sa yarinya ta ce ba nasu ba ne, kuma ban taɓa tambayar daga ina muka koyo ba sai da na girma. Yau kowa da wayarsa, kowa da igiya a kunne, kana jin abin da ka zaɓa kaɗai, wayar kuma ta ƙaro maka irinsa. An ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Ta sauya ɗin, ni dai ina kewar ta dā, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ni Aisatu, bashin da ke wuyana ya fi na Hubert, don a gidanmu abin ya sauka. Mahaifina, Ilyasu mai atamfa, ya auro mahaifiyata Ache, 'yar Shuwa, daga Kuseri can bakin iyakar Chadi, ba ta jin Hausa, ba ta jin Fulatanci. Ta yi makonni a ɗaki ba a jin ko tarinta. Wata rana Baba ya dawo da kaset ɗin kalangu yana faɗa, wai an cika masa baya da ihun mata. Inna ta ji ihun, ta fito tsakar gida da gudu, ashe waƙar kai amarya ce ta garinsu. Ranar matan gidan suka fara jin muryarta, suka kewaye ta suna tafi, daga nan bakinta ya buɗe. Kai ne, Malam, ka ji a bakin shago cewa Ilyasu ya kawo baƙuwa kuma babu wanda ya san kalar muryarta. Ka yi abinka, ka sha zagi, ba ka ce uffan ba.

Bayan rasuwar Baba, hankalin Inna ya fara tafiya. Hausar da ta yi rayuwa da ita ta zube, Fulatancin ma ya bi, sai Larabcin Shuwa ya rage mata, wanda mu 'ya'yanta ba mu wuce gaisuwa a ciki ba. In na shiga ɗakinta sai ta gyara mayafi ta ce mini "Lale," kamar yadda ake tarbar baƙo. Wannan ladabin ya fi mari ciwo. Abu ɗaya nake roƙon Allah: ta san ni ko sau ɗaya kafin ta tafi. Mun sa mata waƙoƙin Chadi iri-iri a waya, ta juya fuska bango. Kaset ɗin can kuwa rikoda ta cinye shi tun ina budurwa, ban san ko sunan masu waƙar ba.

Na je shagon, na yi ta ɗaga murya har ya gane ni.

"Ɗiyar Ilyasu? Allah ya jiƙansa, a nan wajen ya tsaya ya ce ba ni da tarbiyya." Na tambaye shi waƙar da ya sa wa Baba a bayan kaset. "Ƙarya haramun, 'yata, ban tuna wadda na sa masa ba. Amma na Shuwa duk suna cikin kwalin can. Mu je mu tambayi mai ita."

Haka ya riƙa zuwa gidanmu bayan la'asar, rikoda a cinya, kwali a bayan mai mashin. Wasu kaset ɗin sun manne, ya warware su da biro, ya haɗa waɗanda suka tsinke da jan farce. Ya sa ɗaya, ya zauna a bakin ƙofa yana kallon ƙafafun Inna, tunda shi ba ya jin abin da ke fita. In bai ga komai ba ya cire, ya sa wani. Na gaji, na ce ko mu haƙura. Ya yi kamar bai ji ba, ko da yake wataƙila da gaske bai ji ɗin ba.

Wata Laraba, babban yatsan ƙafarta ya motsa. Ya ɗaga mini hannu kada in yi magana. Sai tafi a hankali, sai murya, siririya tana rawa, amma ba ta kuskure baiti ko ɗaya ba. Da waƙar ta ƙare ta dube shi, ta dube ni, ta ɓata rai irin yadda na sani tun ina ƙarama, ta ce da Hausa tsantsa:

"Aisatu, wannan zafi haka, ba ki ba baƙo ruwa ba?"

Malam ya ga hawayena, ya matso. "Me ta ce?" Sai da na faɗa masa da ƙarfi har sau biyu. Ya goge ido da hannun riga, ya ce, "To ai ta fi ki gaskiya. Tashi ki kawo."

Kafin magariba ta koma inda take tafiya. Ban yi ƙorafi ba, abin da na roƙa an ba ni.

Masu karatu, wanda duk ya taɓa rawa da kiɗan da ba na gidansu ba a garin nan, ya biya ta Pumpumre kafin wata ya mutu. Ku ɗaga murya sosai in za ku gode masa. Masu tura wa jama'a waƙa a waya kuma, ku riƙa saka wa mutum ko guda ɗaya wadda bai nema ba.

Kai kuwa Malam Abduljalil, Allah ya saka maka, ya sa ka gama lafiya. Ranar nan ba ka ji muryar Inna ba. Ni na ji uwata ta kira sunana, kuma ta hannunka aka ba ni.