Matakalar Akori-kura

Shekarun baya, lokacin da nake jin kaina, ina da wata tsohuwar akori-kura fara da nake ɗauko albasa da shinkafa da ita daga ƙauye zuwa cikin Sakkwato. Ba ta da kyau, amma ba ta taɓa barina a hanya ba. Ranar Juma'a kuwa ba ta ɗaukar kayan kowa. Ranar mahaifiyata ce, nakan kai ta ƙauyensu ta wuni wurin yayarta, wadda ita ta goye ta tun rasuwar uwarsu.

Ni ne ɗan fari. Wanda ya tashi a irin gidanmu ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallona ido da ido, kuma ba ta taɓa roƙona komai da bakinta ba. In tana son abu, matata take gaya wa. A mota ma haka muke tafiya: ni a sitiyari, matata a tsakiya, Inna a jikin ƙofa tana kallon gonaki.

Wata shekara albasa ta yi kasuwa, sai kaina ya fara rawa. Wani abokina bakanike da ke wajen Sama Road ya ce min motar ta cika ƙasa, shi ya sa yashi ke riƙe ta. Ya ƙara mata sifirin don ta ɗaga sama, muka sa manyan tayoyi, aka yi mata sabon fenti. Da ta fito, wallahi sai ka ɗaga kai kafin ka ga direba. Na zagaya unguwar Gidan Dare da ita a hankali, hannu ɗaya a waje, ina gaida har waɗanda ban sani ba.

Juma'a ta zo. Inna ta fito da lulluɓinta da ƙullin goron da take kai wa yayarta. Ta tsaya ta dubi motar. Ta kama ƙofa, ta ɗaga ƙafa, ta mayar. Na zagayo da sauri na miƙa mata hannu, sai ta yi kamar ba ta gani ba. Ta ce wa matata ta manta wani abu a ɗaki, ta koma ciki. Can sai matata ta fito ta ce Inna ta fasa, kanta ke ciwo.

Ni kuwa na yarda. Har magani na sayo.

Juma'ar gaba ma kai ya yi ciwo. Ta gaba kuma aka ce zafi ya yi yawa. Ana cikin haka saƙo ya zo daga ƙauye cewa yayar tata na kwance, kuma ba ta da magana sai tambayar ƙanwarta. Motar haya ba ta shiga garin, daga bakin kwalta sai dai babur, Inna kuma ba ta iya hawansa. Na ga ta rage cin abinci. Na ce wa matata ta shirya ta mu je asibiti a duba kan nan.

Matata ta aje tsintsiya ta dube ni.

"Kai dai Allah shi shirye ka. Wane ciwon kai? Motag ga taka ta yi mata tsawo. Gwiwa ba ta kai."

Na ce, "To mi yah hana ta hwaɗi?"

"Ta hwaɗa ma wa? Kai? Ko so kake ka ɗaga ta gaban mutanen unguwa?"

Na ji kunya, na kuma ji tausayinta har cikin raina. Matar nan ta gwammace ta zauna da kewar 'yar'uwarta da ta ce wa ɗanta ya ɓata abin da yake murna da shi.

Da farko na ce a cire tayoyin. Matata ta hana. Ta ce in na cire, Inna za ta san don ita aka yi, kuma nauyin hakan kaɗai zai sa ta ƙi shiga. Na yi ta juya maganar, daga ƙarshe na tafi wurin wani mai walda a Sabon Gari. Ya yi min matakala mai hawa biyu a ƙarƙashin ƙofa, da mariƙi a gefe. Abokina bakanike ya gani ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Munka ɗaga mota don ta yi kwarjini, kai ko ka yi mata tsani! Gidan sama ka saya?"

Da na dawo gida, na tsaya a tsakar gida, daidai saitin ɗakin Inna, na ɗaga murya ina gaya wa matata cewa yaran gidan nan sun dame ni da tsalle daga mota, wata rana wani zai karye, shi ya sa na sa matakala. Matata ta ce ai ka kyauta wa yara.

Da safiyar Juma'a na ta da mota, na buɗe bonet, na dulmiya kai ciki ina duba abin da bai lalace ba. Ban ɗago ba sai da na ji an rufe ƙofa. Inna na zaune a wurinta, goronta a cinya, tana kallon waje.

Mun samu yayar tata da rai. Suka riƙe hannun juna suna kuka suna dariya, ni kuma na koma gindin darbejiya na ba su wuri. Yayar ta ƙara watanni kafin Allah ya ɗauke ta, kuma ba Juma'ar da ta sake wuce mu.

Abin da bai fita raina ba shi ne dawowarmu ranar farko. Inna ta sauko a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya. Ba ta dube ni ba. Ta dafa jikin motar, ta ɗan bubbuga shi kamar yadda ake lallashin jariri, ta ce, "Allah shi yi ma motag ga albarka. Allah shi tsare ta duk inda tat tahi."

Matata ce ta amsa da amin.

Motar ta daɗe da barin hannuna, yanzu wata nake tuƙawa mai sanyi da komai. Amma na ji addu'o'i da yawa a rayuwata, wasu har da sunana da na ubana, ba wadda ta taɓa shigata kamar wannan da aka yi wa ƙarfe ina tsaye a gefe.