Mai Neman Yoyo a Tashar Filinge

A tashar Filinge wani dattijo siriri, Na'Allah, yana tsaye jikin motar da ke zuwa Bonkuku da buta a hannu. Yana tsiyaya ruwa a saman taga, yana bin robar gilashi da ɗan yatsa kamar mai laluben ƙaya. Fuskarsa a murtuke take. Da gani ya gaji da gyaran ɓarnar wasu. Ya ɓamɓaro dunƙulen sabulun da direba ya liƙa a ƙasan gilashin, ya wurga masa a ƙafa.

"Hafizu, inda ruwa ke ɗiga ka toshe, ba inda yake shiga ba. Dubi tsohuwar can, irin geronta duk ya jiƙe cikin motarka. Je ka gaya mata mi za ta shuka bana."