Kwikwiyar da aka ce ba a sayar mini ba

Lokacin da wannan abu ya same ni na riga na ajiye tafiye-tafiye. Na yi ƙuruciyata ina fataucin fata da ƙirgi, daga Kano zuwa Injamena, daga can Khartum, na zauna Abijan, na sha sanyin Marsiliya da na Istambul, kafin Allah ya zaunar da ni a Nuzla, nan Jidda, ni da Hajiya, 'ya'ya duk sun yi aure. Ina jin Larabci da Faransanci da Turancin kasuwa, kuma a duk harsunan nan na san yadda mayaudari yake lanƙwasa harshe. Zaman banza ba ya karɓa ta, sai na kama wani shinge a wajen Khumra na zuba tumaki da raguna, da wani makiyayi Basudane mai kula da su. Abin da ya dame mu shi ne karnukan bola, masu zuwa a ayari su haƙa ƙarƙashin waya su ja 'yan raguna. Na san shari'a ta yarda a riƙe kare don gadin dabbobi, don haka na sa surukina ya duba mini a waya ko akwai mai irin manyan karnukan nan na makiyaya.

Wanda aka samo sa'an ɗana ne, haifaffen nan, jikan alhazan da suka zo da ƙafa tun da can. Hausarsa rabi da rabi ce, ya fara magana da ita ya ƙarasa da Larabci, yana ta kirana ammi, wato baffa, yana zuba mini gahawa da hannu biyu. Da na tambayi kuɗin kwikwiyo sai ya ja da baya kamar na watsa masa ruwan zafi. Ya yi istigfari, ya ce shi ba ya sayar da kare, ai kuɗin kare malamai sun hana, abin da yake yi tanazul ne, wato ya sauka daga haƙƙinsa ya bar maka, kai kuma ka mayar masa da ɗan abin da ya kashe na abinci da allura. Wannan ɗan abin, da ya faɗe shi, ya fi kuɗin ragon layya mai ƙiba. Amma maganar ta yi mini daɗi, domin dama ina jin nauyin a ce tsoho kamata ya je cinikin kare, sai ga yaro ya ba ni wata kalma da zan ɓuya a bayanta. A Faransa na ga mai kiwon karnuka yana nuna wa mai saye shaidar lafiyar uwa da uba kafin a yi maganar kuɗi. A ƙauyukan Turkiyya makiyayi zai kai ka ka ga uwar, ka ga uban, ka ga yayyen kwikwiyon na haihuwar bara suna aiki. Ni da ba na sayen rago sai na buɗe bakinsa na matsa gadon bayansa, ranar nan na kame hannuna, saboda mu a tarbiyyarmu wanda aka yi wa alheri ba ya bincike. Sau ɗaya na tambayi ina uwar, ya ce tana wurin ɗan'uwansa a garin Ɗa'if tana hutawa. Shi ya zaɓa mini, mace, mafi ƙanƙanta a cikinsu, tana kwance a lungu ba ta wasa da sauran. Ya ce wannan shirun natsuwa ce, irinsu su ne suke zama zakuna.

Ba ta zama komai ba. Sati ya bi sati, kai yana girma jiki yana nan, haƙarƙari a waje, ga shan ruwa kamar raƙumi da fitsari ba iyaka. Na ce yunwa ce, kare kuwa da nama aka san shi. Na yi magana da wani mahauci a unguwarmu yana tara mini tumbi da huhu da hanta, ina dafawa ina kai mata da kaina, ina jin daɗin yadda take lashe kwano. Sai na lura duk ranar da ta ci ta ƙoshi, bayan ɗan lokaci sai ta fara tangaɗi kamar mashayi, miyau yana dalala, ta je ta dafa goshinta da bango ta tsaya a haka, in ka kira ta ba ta ji, wani lokaci ta yi karo da turke kamar makauniya. Ni kuma ganin ta raunana sai in ƙara mata naman. Makiyayina ya rantse haukan kare ne, ya ce in ba shi izini ya gama da ita kafin ta ciji wani. Hajiya ta ce kambun baka ne, ai na cika yabonta a majalisa tun ba ta yi haushin farko ba. Ranar da ta faɗi tana shure-shure, idanu sun juye, na naɗe ta a buhu na sa a bayan mota na nufi wurin baitari, likitan dabbobi.

Baitarin ya ɗibi jini kafin ta ci abinci da bayan ta ci, ya yi hoton ciki, sannan ya zaunar da ni ya zana mini abin a hankali. Ya ce jinin da ya kwaso abinci daga hanji dole ya bi ta hanta ta tace shi, ta cire dafin da ke ciki. Ita wannan an haife ta da wata jijiya da ke kewaye hantar, jijiyar da ya kamata ta toshe da kanta bayan haihuwa amma ta ƙi. Don haka dafin yana wucewa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa, hantar kuma ta tsumbure don ba ta samun jini. Nama shi ya fi haifar da wannan dafi. Da ya ji abin da nake ba ta sai ya sunkuyar da kai, hakan kuwa ya fi mini zagi ciwo. Ya ce ana iya riƙe ta da abinci mai sauƙi, shinkafa da ɗan ƙwai da cuku, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, da wani ruwan magani mai zaƙi da ke sassauta ciki ya fitar da dafin, da ƙwayoyi idan abin ya motsa. Wannan lallaɓawa ce, ba warkewa ba. Warkewa sai da tiyata, a sa wa jijiyar wani zobe da zai matse ta sannu a hankali. A ƙananan karnuka jijiyar takan kasance a wajen hanta, aikin da sauƙi, amma a manya irin tawa takan nutse a cikin hantar, masu iya aikin kuma kaɗan ne. In abin ya gagara, akwai allurar da za ta hutar da ita. Daga ƙarshe ya ce in koma wa wanda ya ba ni ita, domin wannan ciwo yana bin jini, bai kamata a sake haɗa uwar da uban ba, kuma waɗanda suka karɓi 'yan'uwanta ya kamata su sani.

Na koma da kyakkyawan zato, Allah ya sani. Na ɗauka zan kai wa yaro labarin da bai sani ba. Na fara da cewa kwikwiyar tana tangaɗi bayan cin abinci, ban kai ga ambaton hanta ba, sai ya katse ni ya ce la la, a'a, ya ammi, ai ba a ba irinsu nama, a ba ta ruwan maganin nan mai zaƙi, har ya faɗi sunansa da awonsa. Na dube shi, shi ma ya ji abin da bakinsa ya yi. Na tambaye shi a ina ya koyi wannan likitanci, ya ce wai a kowace haihuwa akan sami ɗaya ko biyu da'if, wato raunana, haka Allah ya tsara, ba a jayayya da ƙaddara. Na ce to ya san da aibin ya ɓoye, kuma ko ɗalibin da ya fara karatun ciniki jiya ya san abin da aka sayar da ɓoyayyen aibi yana komawa kan mai shi. Nan ya gyara zama ya yi murmushi. Ya ce wane ciniki, ya ammi, ai shi bai sayar mini da komai ba, ni da bakina na amsa tanazul ne, inda babu saye babu mayarwa. Na yi mu'amala da dillalan fata a Abijan masu jiƙa ƙirgi don ya yi nauyi, na zauna da 'yan canji a Khartum masu naɗe takarda a tsakiyar damin kuɗi. Duk cikinsu ban ga wanda ya kai wannan ƙasƙanci ba, domin su in ka kama su sukan yi dariya su ce ka ci, ba sa jawo sunan Allah su rufe cutarsu da shi. Ban nemi ya mayar mini da ko sisi ba. Na ce ya sa hannu a kuɗin aikin, ya ce halas, magana ta ƙare, shi hannunsa ya fita. Na ce ya kira waɗanda suka karɓi 'yan'uwanta ya gaya musu, ya ce zai ɓata sunansa a banza. Sai ya kawo abin da yake ganin karamci ne: in jira kaɗan, akwai haihuwa a hanya, zai ba ni wani, namiji, wannan karon ba ko kuɗin allura. Na ce haihuwar wa. Na tashi na zagaya bayan ɗakin ba tare da izininsa ba, na tarar da uwar da aka ce tana hutawa a Ɗa'if, a cikin keji, nonuwa har ƙasa, ga wani cikin ya fito.

Shinge ba wurin jinya ba ne, sai na kawo ta gida na yi mata rumfa a saman soro. Hajiya ta ce muddin tana numfashi kare ba zai taka mata tabarma ba, kuma ta cika maganarta, amma ita ce take dafa shinkafar, ta auna cukun, ta ajiye a bakin matakala tana mita, in na makara da maganin ta ce Alhaji ka manta da 'yarka. Maƙwabta kuwa suka samu abin yi. A majalisar bayan Magariba wani ya tambaye ni ko an sa ranar suna, wani ya ce in yi mata iƙama, katin zaman ƙasa, tunda ta zama 'yar gida. Mafi yawansu shawararsu ɗaya, in kai ta bayan gari in buɗe ƙofar mota in ce yalla, ta kama gabanta. Waɗannan su ne mutanen da za su ba ka labarin rahamar da aka yi wa wanda ya shayar da kare, hawaye a idonsu, muddin karen yana cikin labari. Na daina amsa musu.

Ta ɗan farfaɗo. Ta yi ƙiba kaɗan, ta san takuna a matakala, har ta yi wa wata mage haushi, wanda shi ne kaɗai gadin da ta taɓa yi a duniya. Baitarin ya aika hotunan cikinta ga wani ƙwararre a Riyad, na shirya sayar da raguna in kai ta. Amsar da ta dawo ita ce jijiyar tana can cikin hanta a wuri mai wuya, hantar kuma ta yi ƙanƙanta ƙwarai, yana tsoron ba za ta tashi daga kan tebur ba. Na tambayi ƙwararren ta waya ko naman da na yi ta ba ta ne ya jawo, ya ce a'a, da shi aka haife ta, nama ya dai tsananta mata wahala. Na ci gaba da lallaɓawa har aka shiga zafin bazara na biyu. Daga nan farfaɗiyar ta dawo, tana zuwa a jere, maganin ya daina kamawa, ta daina gane ni, tana kewaya rumfar tana kuka. Wata safiya na tarar ta dafa kai da bango tun asuba har rana ta take ta ba ta motsa ba. Na ɗauke ta na kai ta, na riƙe kanta baitarin ya yi allurar. Ni da makiyayin muka haƙa mata rami a bayan shingen.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma da tsada na same shi. Duk abin da ka miƙa kuɗi ka karɓa saye ne, ko an kira shi tanazul, ko kyauta, ko riƙo, kuma wanda ya canja wa ciniki suna yana shirin guje wa nauyinsa ne tun kafin ka zauna. Kada kunya ta hana ku tambaya. Ku ga uwa da uba da idonku, ku tambayi ina 'yan haihuwar baya suke, ku kai kwikwiyo wurin baitari a makon farko, kada ku bari mai shi ya zaɓa muku wanda ya fi shiru. In kuka ga ƙaramin kare ba ya girma, yana tangaɗi ko dafa kai da bango bayan ya ci, ku janye nama ku nemi gwajin hanta, domin da yawansu suna warkewa in an gano da wuri kuma jijiyar tana wurin da hannu zai kai. Ku kuma masu haɗa dabbobi don riba, in kun san aibi yana cikin jini kuka ci gaba, duk wahalar da abin da aka haifa zai sha a wuyanku take, dabba ba ta da bakin kai ƙara a nan, amma akwai inda za a ba ta baki. Shi wancan mai tanazul ɗin har yanzu yana nan yana sana'arsa. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a, yakan taso da sauri ya miƙo hannu biyu yana ammi, ammi. Ina amsa sallamarsa don wajibi ce, hannuna kuwa yana cikin aljihu.