Yau Inna ba ta ji motar Baba ba

Na tada motar marigayi Baba zan tafi kasuwar Gangara, sai inji ya kama a natse, babu gurnanin nan da yakan yi da safe kafin ya ɗumama. Jiya bakanike ya gyara shi a Gazawa, don shan mai ya ishe ni.

Ina shirin fita sai ga Inna da kwanon kunu, ta makara.

"Auta, yau ban ji ta ba."

"Gyara aka yi mata, Inna."

Ta daɗe tana kallon motar, sannan ta ce, "Da kukan nan nake sanin lokacin kawo wa Malam kununsa. Yakan shanye kafin ta lafa."

Na kashe inji, na zauna na sha.

Don Allah, wa ya san bakaniken da zai dawo mini da gurnanin nan?