Sista Falmata, Wadda Ba Ta Barin Mai Barci Shi Kaɗai

Da safe labarin ya same ni, ina kan hanyar injin shinkafa inda nake aiki. Na saba bi ta gaban ƙaramin asibitin haƙorin, ba don hanyar ta fi sauƙi ba, sai don in ɗaga wa Sista Falmata hannu idan na hango ta a taga. A safiyar nan tagar a rufe take. Bencin da masu ciwo ke zama a kai, kowa riƙe da kumatu, babu kowa. Baba Luka mai gadi yana zaune a ƙasa maimakon kujerarsa, hularsa a hannu. Ban taɓa ganin kansa babu hula ba sai ranar.

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce da Hausarsa ta koyo, "Idrisu, Sista ya tafi. Jiya. Da hantsi za a yi masa salla."

Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma, na kashe mashin. Abin da na fara lura da shi a jikina shi ne numfashina, yana shiga yana fita kamar babu abin da ya faru. Ba don ita ba, bayan ikon Allah, da tuni ya tsaya.

Ni ba mai ilimi ba ne, firamare na yi a Kwandere na tsaya. Akwai waɗanda suka fi ni sanin marigayiya, 'yan uwanta da abokan aikinta. Ni majiyyaci ne kawai da ya kwanta a hannunta na wuni guda. Amma abin da na gani na gani, kuma ina jin nauyi ne a kaina in faɗa.

Haƙorina na ƙarshe ne ya fito a kwance cikin dasashi, ya kumbura min fuska har abokan aiki suna tsokanata wai na ɓoye doya a baki. Dokta ya duba ya ce sai an tsaga. Da na ga allura, ban san lokacin da na diro daga kujerar ba. Sai ya ce akwai maganin da ake sa wa mutum ta jijiya, jiki ya yi laushi, tsoro ya kwanta, yana jin magana yana amsawa, amma ba barcin tiyata ba ne. Ya ce shi aikinsa haƙori. Mai lura da ni kuwa ga ta nan. Na juya na ga wata mace doguwa, ta manyanta, da zanen Barebari siriri a kumatunta, tana kallona ta saman tabarau.

Ranar da aka sa min, na zo a kan mashin ɗina, ni kaɗai, na kuma cika cikina da doya da miya don in samu ƙarfi. Ta tambaye ni, na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Ɗana, koma gida."

Na ce, "Haba Sista, na ɗauki izini a wurin oga, ciwon nan ya hana ni sakat."

Ta ce, "Ciwon ba zai kashe ka ba kafin gobe. Doyar nan kuwa, idan ta taso kana cikin magani, huhunka za ta shiga. Sannan wa zai kai ka gida? Mashin ɗin ne zai riƙe ka? Ka zo da babba, mai hankali, wanda zai zauna da kai har dare. Kuma a keke mai ƙafa uku, ba a bayan mashin ba."

Na fita ina gunaguni. A raina na ce matar nan ta cika tsanani. Yanzu idan na tuna gunagunin, sai in ji kunya.

Washegari na dawo tare da Inna, mahaifiyata, cikina babu komai. Sista ba ta yi sauri ba. Ta auna nauyina, ta auna jinina, ta tambayi kowane magani da na sha, har na kemis da jiƙon gida. Ta sa na buɗe baki, ta dubi wuyana, sannan ta ce, "Kana minshari?"

Na ce a'a. Inna, tana kallon bango, ta ce, "Wannan? Janaretan masallaci ma ya san da zamansa."

Sista ta yi dariya, amma na ga ta koma wajen Dokta sun yi magana, suka ce za su fara da kaɗan, su ƙara a hankali idan da buƙata. Daga nan ta bi kayanta ɗaya bayan ɗaya ina kallo. Ta murɗa tukunyar iskar oksijin ta saurari hucinta. Ta kunna abin zuƙe ruwan baki ta kashe. Ta leƙa ta tambayi Baba Luka ko akwai mai a janareta. Ta ajiye wata 'yar kwalba kusa da hannunta, ta ce wannan ita ce mai warware maganin. Na ce, "Ashe kina tsoro, Sista?" Ta ce, "Ba na ba mutum barci sai abin tayar da shi yana gabana."

Ta maƙala min wani abu a yatsa mai ƙara, tit, tit, tit, daidai da bugun zuciyata. Ta ce, "Ba na son ka yi nisa. Ka tsaya inda muryata za ta kai. Idan na kira ka, ka matse hannuna."

Duk tsawon aikin ba ta miƙa wa Dokta ko almakashi ba, wata yarinya ce ke yin wannan. Wayarta ta yi ƙara a aljihu ba ta taɓa ba. Ita dai idonta a ƙirjina, kunnenta a na'urar, lokaci lokaci ta ce, "Idrisu, kana nan?" in matse. Ina jin ana aiki a bakina kamar a gidan maƙwabta ake yi.

Aka gama lafiya. Dokta ya fita wanke hannu, aka shigo da Inna ta zauna kusa da ni.

A nan dole in faɗi wani abu. Ni ɗan fari ne, kuma sunan surukin Inna, wato kakana, aka sa min. Tun da na buɗe ido a duniya Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" ne, ko "wannan", ko "yaron nan". Ba ta zama kusa da ni a gaban mutane, ba ta cewa ni ɗanta ne. Zuwanta asibitin ma don babu wani babba a gida ne ranar. Ba ƙi ba ne, kunya ce irin ta iyayenmu, kuma ban taɓa jin haushi ba.

Abin da ya biyo baya, rabi daga bakin Dokta na ji, rabi kuma ni na san shi. Da zafin aikin ya ɗauke, sai maganin ya ja ni ƙasa fiye da yadda aka so. Na fara minshari. Inna ta cire gyalenta ta lulluɓe ni, ta ce, "Alhamdulillahi, ya samu barci. Kwana da kwanaki bai runtsa ba. A bar shi ya huta."

Haka muke yi a gida. Mara lafiya idan ya samu barci, a rufe masa ƙofa, a kori yara. Sista ta janye gyalen daga ƙirjina ta ce, "Inna, yi haƙuri, ina son ganin ƙirjinsa. A ɗakin nan minshari ba hutu ba ne." Ta kira ni. Ban matse ba. Ta girgiza kafaɗata. Sai minsharin ya ɗauke gaba ɗaya, na'urar ta canza murya, ƙarar tana yin ƙasa.

Ta ƙwala wa Dokta kira, ta tsaya a kaina, ta sa hannu biyu ta turo muƙamuƙina gaba don harshe ya tashi daga hanyar iska. Dokta ya shigo da gudu, ya ɗora min abin iska a hanci da baki, ya ɗauki kwalbar nan da ke ajiye ya tura ta jijiya. Hannun kowa ya cika. Sista ta ce, "Inna, zo kunnensa. Kira shi."

Inna ta ce, "Kai. Kai, tashi."

"Ba kai ba. Sunansa."

"Ɗan fari ne, Sista."

"Na sani, ni ma ina da ɗan fari. Kira shi."

Ni kuwa a lokacin ina wani wuri mai duhu da sanyi, kamar ƙarƙashin kududdufin da muke wanka muna yara, sai dai babu sha'awar tasowa. Babu ciwo, babu tsoro. Wannan shi ne abin da ya fi firgita ni har yau, daɗin da wurin yake da shi. Can nesa na ji wata murya da na sani tun ina ciki, tana faɗin kalmar da ban taɓa ji a bakinta ba. "Idrisu. Idrisu!" Mamaki ne ya fara kama ni kafin komai. Na ja iska da ƙarfi, na yi tari, na buɗe ido na ga fuska biyu a kaina, ɗaya da tabarau, ɗaya jiƙe da hawaye.

Daga baya na ce wa Sista muryar Inna ce ta dawo da ni. Ba ta yarda in tafi da wannan ba. Ta ce, "Iska da allura ne suka yi aiki, da yardar Allah. Kiran don mu san ka iso ne. Kada ka je ka gaya wa mutane kira kaɗai yana tayar da mutum." Ba ta sallame ni ba sai da na zauna, na sha ruwa, na taka daga bango zuwa bango babu tangaɗi, kuma ta ƙara riƙe ni bayan haka, don a cewarta allurar warwarewa kan riga maganin barcin fita daga jiki. Ta ce babu mashin, babu zuwa kusa da injin shinkafa sai gobe. Ta koya wa Inna yadda za ta kwantar da ni a gefe. A ƙofa ta ce, "Wanda na sa wa barci, alhakinsa yana wuyana har ya farka sosai."

A maƙabarta na ji yadda ta rasu. Ta dawo daga aiki ta ce kanta yana ciwo, ta yi sallar la'asar ta kwanta. 'Yarta Yagana ta ji tana minshari mai ƙarfi, ta ce Mama ta gaji, ta ja mata ƙofa, ta kori jikoki waje. Likitoci sun ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa, ko an farga da wuri da wuya a yi wani abu, kuma kwana idan ya ƙare ya ƙare. Na yarda. Ba na ɗora wa yarinyar komai, abin da kowannenmu zai yi ta yi, don ƙauna. Amma tunanin ƙofar nan ya ƙi barina. Yanzu idan abokin ɗakina ya kishingiɗa da rana ya fara minshari, sai in tsinci kaina tsaye a kansa ina kallon ƙirjinsa. Ya farka ya ce, "Idi, abeg, wai mene ne?" In koma kan shimfiɗata.

Da Inna ta ji rasuwar, ta ce in samo keke. Ba ta san kowa a gidan ba. Ni na tsaya a bakin zaure da ƙanena Sale, ita ta shiga tsakar gida inda mata suke zaune a tabarmi, muna hango su. Ta durƙusa ta yi gaisuwa. Yagana, idanunta a kumbure, ta ce, "Sannu Inna. Ba mu gane ki ba."

Inna ta ɗago kai. Sai ta ce, da muryar da ta kai har zaure, "Daga Kwandere nake. Ni ce uwar Idrisu, wanda uwarki ta tsaya a kansa."

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Falmata. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwanci, Ka haskaka shi, kada Ka bar ta cikin kaɗaici. Yadda ta tsaya a kan bayinKa a lokacin da ba su san inda kansu yake ba, Ka sa rahamarKa ta tsaya a kanta. Ka ba Yagana da 'yan uwanta haƙuri, Ka cire wa yarinyar nan zargin kai daga zuciya. Ka ba asibitin wata mai irin idonta. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Ban ƙara komai a kan abin da ya faru ba. Na ɗakin asibiti, Dokta yana nan da ransa, da yarinyar da ke miƙa masa kaya, da Baba Luka wanda ya ji kiran daga bakin get. Na gidan makoki, Sale ya ji, Yagana ta ji, matan da ke kan tabarmi sun ji. Inna ta ga duka biyun, sai dai kada wanda ya je ya tambaye ta. Bango za ta kalla.